Prescribe da Proscribe: Harafi Ɗaya Tsakanin Umarni da Hani

Yawancinmu mun san kalmar "prescribe" tun daga asibiti. Ita ake faɗa idan likita ya rubuta wa majinyaci magani, takardar da ya miƙa masa kuwa ita ce "prescription". Sai dai kalmar tana da wata 'yar'uwa da ba kasafai muke cin karo da ita ba, wato "proscribe". Harafi ɗaya ne ya raba su, amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Ta farko umarni ce, ta biyu hani.

"Prescribe" na nufin a tsara abin da za a bi ko a yi amfani da shi. Shi ya sa littattafan adabin da WAEC da NECO suke sa ɗalibai su karanta ake kiransu "prescribed texts". "Proscribe" kuwa na nufin a haramta abu ko ƙungiya, galibi a hukumance. Ɗalibin da yake son ya ce likita ya rubuta magani, sai ya rubuta "The doctor proscribed the drug", to ya ce likita ya hana shan maganin ke nan. Mai duba takarda ba zai ɗauke shi a matsayin tuntuɓen alƙalami kawai ba, domin ma'anar ta juye gaba ɗaya.

Me ya sa suka yi kama haka? Tushensu ɗaya ne a harshen Latin, kalmar "scribere", wato rubutu. "Prae" na nufin kafin, don haka ta farko rubutu ne da aka yi tun da wuri domin a bi shi. Ta biyu kuwa rubutu ne da aka kafe a bainar jama'a, kuma tarihinta da jini a ciki. A shekara ta 82 kafin haihuwar Annabi Isa, wani janar mai suna Sulla ya ƙwace iko a birnin Rum, ya riƙa kafe sunayen abokan gabarsa a dandalin birni. Duk wanda sunansa ya fito, doka ta daina kare shi: wanda ya kashe shi yana da tukwici, dukiyarsa kuma a ƙwace. A shekara ta 43 aka sake irin wannan jerin sunaye, kuma cikin waɗanda aka kashe har da shahararren mai jawabin nan Sisero. Tun daga nan kalmar take tafe da ƙanshin hukunci.

A nan gida ma muna ganinta a jaridun Turanci. Ita aka yi amfani da ita a 2013 lokacin da gwamnatin tarayya ta haramta ƙungiyoyin Boko Haram da Ansaru. A 2018 kuma aka hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa suka mayar da shi abin maye. Wannan maganin ya ishe mu misali: "Doctors prescribed it, then the government proscribed it."

Ga dabarar tunawa. "Proscribe" da "prohibit" duk da "pro" suka fara, kuma duk hani ne. A tambayoyin JAMB da WAEC na neman kalma mafi kusa a ma'ana, abokan "proscribe" su ne "ban", "forbid" da "outlaw", yayin da "prescribe" take tafiya da "recommend" da "order". Wajen furuci ma a bambanta, ɗaya "pri", ɗaya "pro".

Kafin fitowa ta gaba, kowa ya rubuta jimla biyu da kowace kalma, ya kai wa malamin Turanci ya duba.