Kafin a ɗura wa kilim ɗin mota gas a ƙofar gida

Duk wanda cunkoson Ndokoti ya taɓa ritsawa da shi da tsakar rana ya san darajar kilim, wato na'urar sanyaya iskar mota, a Duwala. Shi ya sa da zarar ta fara hura iska mai ɗumi, wasu masu mota, daga New Bell har Kasuwar Dakar, sai su sayo gwangwanin gas da tiyo su ɗura da kansu.

Amma wannan gas ba fetur ba ne da injin ke ƙonawa. A rufe yake zagayawa, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Galibi robobin mahaɗar bututu ne suka bushe, ko kwandensa da ke gaban lagireto ta huje, abin da danshin bakin teku ke gaggautawa. Mai mota na iya ganowa da kansa: duk mahaɗar da ta yi maiƙo ƙura ta manne mata abar zargi ce, in an shafa mata ruwan sabulu ta yi kumfa, magana ta ƙare. Ɗuri kafin toshe wannan kafa asarar kuɗi ce kawai.

Babban haɗarin yana cikin gwangwanin. Yawancin motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwan Duwala R134a suke sha, amma sababbin motocin Turai daga 2017 sun koma R1234yf, kuma ba a gauraya su. Akwai kuma jabu. A 2011 kwantenonin sanyi da aka cika da gas ɗin jabu mai ɗauke da R40 sun fashe a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka rasu. R40 na cin alminiyom, kuma da alminiyom ake ƙera yawancin kayan kilim. Gas ɗin girki kuwa, da wasu ke ɗurawa don araha, wuta ce a jikin injin mai zafi.

Wanda ya nace sai ya yi da hannunsa, ya sa tabarau da safar hannu, domin R134a na fitowa da sanyin da ke ƙona fata. A bakin bututu mai kauri, mai alamar L, ake jona tiyo. Na H yana iya fasa gwangwani. Takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ta faɗi irin gas da nauyinsa a giram, in an zarce kwamfireso ce ke biya.

Idan gas ya fice ƙaƙaf, iska da danshi sun riga sun shiga. Wannan aikin mai gyaran sanyi ne: ya gwada da nitirojin, ba iskar oksijin ta masu walda ba, ya zuƙe da famfo na kusan rabin awa, sannan ya auna gas a sikeli.