Ko Ka Sani? Jirgin Kwal Ya Fi Shan Ruwa a Kan Cin Wuta

Ko ka san cewa tsohon jirgin ƙasan nan mai tuƙar baƙin hayaƙi, wanda ake kira jirgin kwal, ruwa ya fi buƙata a kan kwal? Ɗauki Big Boy, ɗaya daga cikin kawunan jirgi mafiya girma da aka taɓa ƙerawa, wanda kamfanin Union Pacific na Amurka ya yi aiki da shi. Taragon guzurin da ke manne a bayansa yana ɗaukar kwal fiye da tan 25, amma ruwan da ke ciki ya haura lita 90,000. In yana hawan dutse da kaya niƙi-niƙi, cikin 'yan sa'o'i zai shanye ya nemi ƙari.

Dalili kuwa shi ne kwal ba ya juya ko ƙafa ɗaya. Aikinsa kawai ya tafasa ruwa. Doguwar gangar nan da ta cinye mafi yawan jikin kan jirgi tukunya ce cike da ruwa, an ratsa ta da bututai masu yawa. Ana hura wuta a murhun da ke gaban direba, zafin ya bi ta cikin bututan, ruwan da ke kewaye da su ya tafasa. Ruwa idan ya zama tururi a sarari yakan nemi wurin da ya ninka nasa kusan sau 1,700, to ga shi an kulle shi a cikin ƙarfe, ba hanyar fita. Da direba ya ja hannun buɗe hanya, sai tururin ya kwarara cikin silinda ya tura fistin. Wani bawul ya sauya masa ƙofa, ya sake turo fistin ɗin daga ɗaya ɓangaren. Wannan kai da kawowa shi sandunan ƙarfen da ake gani a gefe suke mayarwa juyin ƙafafu.

Inda dabarar ta fi burge ni shi ne abin da ake yi da tururin bayan ya gama aiki. Ba a sakinsa haka nan. Ana harba shi sama ta cikin bututun hayaƙi, ƙarfin fitarsa kuma sai ya zuƙo iska ta ƙarƙashin murhu, kamar yadda zugazugi ke yi wa wutar maƙeri. Ke nan duk sa'ad da jirgi ya ƙara himma, wutarsa ma tana ƙara ruruwa da kanta, tururi ya ƙaru daidai lokacin da ake nemansa. Sautin nan na fuf-fuf-fuf da yara ke kwaikwayo, fitar wannan tururi ce. A injin mai silinda biyu, sau huɗu ake jin ta a kowane juyi ɗaya na ƙafa, shi ya sa tsohon ma'aikacin jirgi kan gane saurin jirgi da kunne tun bai hango shi ba.

Tunda kowane numfashi yana fitar da ruwa zuwa sama ba ya dawowa, dole a riƙa cika tukunya ba fashi. Nan ne haɗarin yake. A ɗakin direba akwai wata 'yar kwalba da ke nuna iyakar ruwan cikin tukunya, mai iza wuta kuwa ba ya daɗe bai kai ido gare ta ba. Rufin murhu dole ya kasance a nutse cikin ruwa kullum. In ruwa ya ja baya ya bar shi a fili, ƙarfen zai yi ja ya yi laushi, tukunyar ta tarwatse. Direba ake yi wa kirari, amma a ganina rabin ran jirgin yana hannun mai iza wuta.

Big Boy guda 25 aka ƙera, tsakanin 1941 da 1944, a masana'antar Alco da ke Schenectady a jihar New York. An yi su ne domin jan kaya a tsaunukan Wasatch, tsakanin Ogden a jihar Utah da Green River a Wyoming, inda a da sai an haɗa kai biyu kafin a haye. Tsawonsa da taragon guzurinsa ya kai mita 40, nauyinsa ya wuce tan 500. Ƙafafun da ke jan sa 16 ne, an raba su gida biyu, kowane gida da silindarsa biyu. Da an ɗaure su duka a kan ƙashin baya ɗaya, da ba zai iya shan kwana ba, sai aka sa wa rukunin gaba gaɓa, yana karkata ya bi dogo yayin da tukunyar ke biyo shi a miƙe. Kwal kuwa ba hannun ɗan Adam da zai iya wadatar da murhunsa da shebur, wata na'ura mai murɗawa ce ke turo shi daga baya.

Duk da wannan ƙarfi, zuwa 1959 an daina jan kaya da su. Injin tururi almubazzari ne, ko kashi 10 cikin 100 na zafin da ya ƙona ba ya zama aiki. Ga tankunan ruwa da sai an gina a kan hanya, ga kwashe toka, ga wanke tukunya, ga sa'o'in da ake ɗauka ana hura wuta kafin ya motsa. Injin dizal kuwa tayar da shi kawai ake yi. Haka labarin ya kasance a Nijeriya ma: jirgin da ya iso Kano a 1911, da waɗanda suka yi ta jigilar gyaɗa da kwal ɗin Inugu, duk dizal ne ya ture su.

Abin mamaki, wahalar da ta sa kamfanoni suka yar da shi ita ce mutane ke biyan kuɗi su kalla a yau. A Amurka, iyalai da 'yan fansho da yawa kan ɗauki motar tafi-da-gidanka, wadda ke da gado da madafa da banɗaki a ciki, su bi gidajen tarihin jirgin ƙasa jiha-jiha. Big Boy takwas ne suka tsira daga masu yankan ƙarfe, kuma a warwatse suke: akwai a Scranton, da Green Bay, da St. Louis, da Denver, da Omaha, da Frisco ta Texas, da Cheyenne. Tazarar da ke tsakanin wasunsu ta dubban kilomita ce, ka ga amfanin tafiya da ɗakin kwananka. Guda ɗaya ne kawai ke tafiya, mai lamba 4014. Ya shafe shekaru fiye da 50 a ajiye a Pomona ta Kalifoniya, kamfanin Union Pacific ya karɓo shi a 2013, ya dawo kan dogo a 2019, lokacin bikin cika shekara 150 da haɗe gabashi da yammacin Amurka da layin dogo. Tunda tankunan gefen hanya sun daɗe da rushewa, yanzu da ƙarin taragon ruwa yake yawo.

Wanda ke son hawa, ba kallo kawai ba, sai ya nufi Durango a jihar Kolorado. Daga can wani siririn layin dogo da aka kammala a 1882, domin kwaso azurfa da zinariya, yana bin kogin Animas kilomita 72 zuwa Silverton. Tafiyar takan ci kusan sa'a uku da rabi, har da tsayawa shan ruwa, kuma akwai inda dogon ke maƙale a jikin dutse, kogin yana can ƙasa fiye da mita 100. Masu manyan motoci da yawa a Durango suke ajiye su, domin titin mota zuwa Silverton yana ƙetare tsaunuka masu tsayin fiye da mita 3,200, da kwanoni masu tsinka zuciya.

Sai dai mai zuwa neman ƙaurin kwal ya makara. A 2018 gobarar daji ta tashi kusa da layin, gwamnatin Amurka ta ce tartsatsin jirgin ne sanadi, aka sasanta a 2022 kan dala miliyan 20 ba tare da kamfanin layin ya amsa laifi ba. Bayan gobarar aka mayar da injinan layin suna ƙona mai, wanda ba ya watsa garwashi. Shi ma 4014 mai yake ƙonawa tun dawowarsa. Murhu kawai aka sauya, tukunya da fistin da 'yar kwalbar ruwa suna nan yadda aka ƙera su.