Ranar da Kwamfuta Ta Manta da Ƙugiya

Shirinmu na yau zai fara ne daga wani ɗan shagon buga takardu, irin waɗanda ke jere a bakin kotu ko ƙofar jami'a, janareto na ruri a waje, firinta na tari a ciki.

Wata baiwar Allah ce ke aiki a wurin. Ta daɗe tana buga wa mutane takardar neman aiki da yarjejeniyar haya da katin biki. In ka tsaya a bayanta sai ka rantse aljanu ke taya ta. Haruffa huɗu kawai za ta danna, sai ga gaisuwar buɗe wasiƙa ta zubo cikakkiya, tun daga sallama har fatan alheri. Wata Litinin ta zo ta tarar mai gyara ya wanke kwamfutar tas, ya ɗora sabon samfurin manhajar rubutu. Ta danna haruffanta, suka tsaya cak yadda ta buga su. Ta danna Alt da K don ƙa mai ƙugiya ta fito, shiru. Ga mai katin ɗaurin aure a tsaye a kanta yana duba agogo. Da kati ya fito, inda ya kamata a jera manyan baƙi, sai aka jera manyan baki. Uban ango dai bai ga abin dariya ba.

To, ina gajerun hanyoyin nata suka tafi?

Bari mu ɗan koma baya. A shekarar 1993 kamfanin Microsoft ya fito da Word 6.0, da wata dabara mai suna AutoCorrect, wadda ke gyara tuntuɓen yatsa tun kafin ka lura. Masu buga takardu ba su ɓata lokaci ba suka gane cewa abin da ke iya gyara kuskure zai iya faɗaɗa gajeren rubutu. Ka koya masa haruffa uku, ya mayar maka da sunan ma'aikata sukutum. Word 97 kuma ya zo da ɗan akwatin da ke leƙowa saman rubutu yana ba ka ƙarshen jimlar da ka adana, ka danna Enter ta sauka.

Da Word 2007 ya fito, aka sauya fuskar manhajar gaba ɗaya, akwatin nan kuma ya daina leƙowa ga jimlolin da mutum ya adana. Jimlolin ba su ɓace ba. Sai dai ka buga sunan da ka ba su, ka danna F3. Amma wanda ya shekara goma yatsansa na zuwa Enter, kwana nawa zai yi kafin ya saba? Sai a Word 2010 aka dawo da shi.

Wannan ke nan sauyin da ke zuwa daga masu manhaja. Na baiwar Allahn nan daban ne. Duk abin da ka koya wa manhajar yana kwance ne a fayilolin da ba ka taɓa buɗewa ba. Maɓallan da ka ware wa haruffa suna cikin wani fayil mai suna Normal.dotm, jerin kalmomin gyara kuma cikin masu ƙarewa da acl. Mai gyara zai kwashe maka takardu da hotuna a filashi, har da waƙoƙi, amma da wuya ya tuna da waɗannan. In za ka kai kwamfuta gyara, ka ambata masa su da bakinka.

Ga mai buga Turanci, asarar ba ta wuce ta lokaci ba. Mu kuwa haruffanmu ne suka tafi, domin kibod ɗin da ake sayarwa a kasuwa ba shi da ɓa, ba shi da ɗa, ba shi da ƙa, balle ƴa da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa. Ko waƙafin saman nan na 'ya'ya, manhaja kan ɗauka buɗe zance za ka yi, ta juya shi baibai.

Wasu kan ce ai sai a koya wa AutoCorrect. Gaskiya ne, yana iya mayar da daya ɗaya, domin wannan ba ta da kishiya. Amma ya zai yi da kasa da ƙasa, ko kafa da ƙafa? Duka kalmomi ne na halak, ma'ana ce ke raba su, shi kuma jeri kawai yake bi. Su ma sababbin dabarun cinko, irin Smart Compose da Gmail ya fara a 2018, da rubutun toka-toka da Word ke shimfiɗa maka ka karɓa da Tab, da Turanci suka buɗe baki.

Akwai wata hanya da ba ta dogara da fayil ɗin kowa ba. Kowane harafi na da lambarsa a tsarin Unicode. A Word, buga 0199 ka danna Alt da X, ƙa za ta fito. Ta ɗa 0257, ta ɓa 0253. Amma a kula, lambobin nan kan haɗa da haruffan a zuwa f, saboda haka in harafin da ya gabata yana cikinsu, manhajar kan haɗiye shi ta rikice. Maganin shi ne ka sa U da alamar tarawa kafin lambar.

Ɗaya daga cikin kalmomin da ke faɗawa wannan tarko kuwa, mai farawa da b da a, ita ce baƙi. Shi ya sa yanzu a gefen sikirin ɗin baiwar Allahn nan akwai 'yar takarda manne da salatif, an rubuta U+0199 da jan biro, an ja masa layi biyu.