Hannun da ya ɗoru a karkace: ana iya gyara shi?

 Ga tambayar da ake yawan yi mana: mutum ya faɗi daga kabu-kabu, ko igiyar guga ta fizge masa yatsa, an kai shi wurin mai ɗori, ƙashi ya kama, amma hannu ya ƙi riƙe hauya ko taɓarya. Shi ke nan an haƙura? A'a, ana gyarawa.

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Ƙanana ne, shi ya sa ƴar karkata kaɗan take ɓata aikin hannu. Kuma suna saurin kamawa. Cikin kamar sati 3, ƙashi ya fara haɗewa yadda aka bar shi, ko daidai ko a karkace.

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. A dunƙule hannu a hankali. In wani yatsa ya hau kan ɗan uwansa, to ƙashin ya murɗe. Ƙashin yaro yakan miƙe da kansa in lanƙwasa ce kaɗan, amma murɗewa ba ta warwarewa da kanta, ko ga yaro ko ga babba.

In aka zo asibiti a kwanakin farko, sau da yawa hoton ƙashi, da mayar da shi wurinsa, da siminti sun isa. In ya riga ya kama, sai aiki. Likitan ƙashi zai kashe zafin wurin, ya yanke ƙashin inda ya karkace, ya daidaita shi, ya riƙe shi da siraran ƙarafa ko ɗan faranti da kusoshi. Siraran ƙarafan ana zare su bayan sati 4 zuwa 6. Daga nan sai motsa yatsu kullum yadda aka koya maka, in ba haka ba su sandare. Mai shan taba ya sani tana jinkirta ɗoruwar ƙashi. Ba kowace karkata ake yi wa aiki ba: in hannu na aiki ba ciwo, likita na iya cewa a bar shi.

Hanya ita ce a fara da likitar garinku, a wuce babban asibitin Mayahi ko na Tasawa, su ba da takardar zuwa Maraɗi in abin ya fi ƙarfinsu. Ga yara, akwai asibitin CURE a Yamai, da ke gyaran ƙafa da hannu tun 2010.

Masu ɗori iyayenmu ne, ba mu raina su ba, amma ido ba ya ganin cikin ƙashi. In an ɗaure hannu da kara, sai yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka fara baƙi, ko ciwo ya hana barci, a sassauta ɗaurin nan take, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne. Jinkiri a nan yana kai ga yanke hannu.

Ku kuma na nesa, in an kira ku an ce wane ya karye, kafin kuɗin goro ku turo na hoton ƙashi. Allah ya tsare mu, ya ba marasa lafiya sauƙi.