Masu Bin Sawun Shahon Kifi

A watan Yuli, a dazukan arewacin Sukotland, za ka iya cin karo da mutum ya jingina doguwar tsani a jikin bishiya yana hawa da jaka a kafaɗa. A ƙololuwar bishiyar akwai tulin ƙirare, sheƙar shahon kifi ke nan, tsuntsun nan mai farin gashi a ciki da baƙin zane a gefen ido wanda kusan ba ya cin komai sai kifi. Uwar tana shawagi a sama tana ihu, 'ya'yan kuwa sun yi lamo, don haka suke yi idan sun ji barazana. Mutumin zai sa ɗaya a jaka ya zuro shi da igiya. A gindin bishiyar ne ainihin aikin yake.

Da farko a rufe wa tsuntsun ido da 'yar hular fata domin ya natsu. A auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa masa zoben ƙarfe a ƙafa ɗaya, na roba shuɗi mai farar lamba a ɗayar. A Birtaniya ko ƙafar ma tana da ma'ana: zoben roba a hagu na Sukotland ne, a dama kuwa na Ingila da Wels. Sannan a fito da na'urar bin sawu, 'yar aba mai girman akwatin ashana, nauyinta wajen giram 30, da faifan sola a samanta da siririyar eriya. Babban shahon kifi yakan kai kilo ɗaya da rabi ko fiye, ƙa'idar masu aikin kuma ita ce kada kayan su wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin tsuntsu.

Wanda bai sani ba zai ɗauka gwanintar tana wurin tauraron ɗan'adam. Ni a ganina tana wurin allura da zare. Da ƙyallen Teflon mai santsi ake goya wa tsuntsun na'urar, a zagayo da shi ta kafaɗu a haɗa bakinsa a ƙirji, a ɗinke da hannu. In ya yi tsauri, tsuntsun zai yi ƙiba kafin tafiya, ƙyallen ya ci masa fata. In ya yi sako-sako, fiffike ko farce ya maƙale. Mai ɗinkin yakan zura yatsa ƙarƙashin ƙyallen yana gwadawa, ya gyara gashin da ya danne, ya sake gwadawa. Kuma da gangan ake amfani da zaren auduga, saboda bayan wasu shekaru ya ruɓe, kayan su faɗi, tsuntsun ya huta. Ba kowa ake bari ya yi wannan ba, sai mai lasisi na musamman.

Sanannen mutum a wannan fage shi ne Roy Dennis, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana hidimar shahon kifi. An taɓa ƙarar da tsuntsun a Birtaniya saboda harbi da kwasar ƙwai, har ya daina hayayyafa a Sukotland wajen 1916, bai dawo sosai ba sai 1954 a yankin Loch Garten. Daga 1996 Dennis da abokan aikinsa suka riƙa kai 'ya'yan tsuntsun zuwa tafkin Rutland a Ingila, a 1999 kuma suka fara goya musu na'ura. Ta farko tana aiki ne da tsarin tauraron ɗan'adam na Argos, wanda Faransa da Amurka suka kafa a 1978, tana iya kuskuren kilomitoci. Da GPS ta shigo, sai aka riƙa ganin inda tsuntsu yake sa'a bayan sa'a, da tsayinsa daga ƙasa, da saurinsa.

Da kaka ta kama, a Agusta da Satumba, aikin ya koma gaban kwamfuta. Mace ce ke fara tashi, ta bar namiji yana ciyar da 'ya'ya. Su kuma 'ya'yan kowa shi kaɗai zai kama hanya, ba wanda ya nuna masa. Faransa, Sifaniya, a haye teku zuwa Maroko, a tsallake duwatsun Atlas, sai Sahara, inda za a yi kwanaki ba a ga kifi ba, har a sauka gaɓar Senegal, Gambiya ko Gini. Kimanin kilomita 5,000 ne, ƙwararren tsuntsu yakan cinye shi cikin mako uku zuwa huɗu, ya sauka daidai inda ya sauka bara.

Mai bin sawu ba ya ganin tsuntsun, ɗigo-ɗigo yake gani a taswira, sai ya haɗa su da bayanin iska da hoton ƙasa ya fahimci abin da ke faruwa. Ɗigon da ya yi kwana biyar a bakin kogi a Sifaniya, hutu ne da kiwo. Wanda ya tsaya cak a tsakiyar hamada, wannan kam sai addu'a. Shiru ma iri-iri ne: wataƙila gashi ya rufe faifan sola, wataƙila batir ya mutu, wataƙila tsuntsun ne. Gwani ba ya saurin shelar mutuwa, domin an sha ganin tsuntsun da aka fid da rai da shi ya dawo sheƙarsa da matacciyar na'ura a baya.

Akwai kuma ranakun da ba yadda za a yi. A 2008 wani ɗan tsuntsu na Loch Garten da aka sa wa suna Deshar ya kauce hanya ya nausa cikin tekun Atlantika, mutane na kallon ɗigonsa yana nisa da tudu har ya faɗa ruwa. A 2012 wani tsohon namiji daga Rutland ya tsaya a kan wani tsauni a kudancin Maroko bai ƙara motsi ba. Wani mazaunin ƙasar ne ya bi lambobin taswira ya je ya samo gawar da na'urar. Wannan ne ya sa na ce tauraro shi kaɗai ba ya gama aiki, sai da mutum a ƙasa.

Mu ma hanyar ta biyo ta ƙofarmu. Shahon kifin da ake ƙyanƙyashewa a Finland da Suwidin yakan bi ta gabas, wasunsu a Najeriya da Kamaru suke cin rani. Wanda ke su a Kainji, ko Tafkin Chadi, ko fadamun Haɗeja da Nguru, zai iya samun tsuntsu mai zobe ya sarƙe a koma. Eriyar kan tayar da hankali. A 2013 an tsare wata shamuwa a Masar bisa zargin leƙen asiri saboda irin wannan na'ura. Masunta, idan kun ci karo da irinsa, ku warware shi a hankali, ku rubuta lambar zoben da rana da wurin, ku sake shi in yana da rai. A jikin zoben ƙarfen akwai sunan cibiyar da ta sa shi, wadda za a iya aika wa labari.