Cakulan ɗin da ake sha a kwano

A birnin Wahaka da ke kudancin ƙasar Meziko akwai wani layi mai suna Mina, dab da kasuwar 20 de Noviembre, wanda hanci ke riga ido isa. Shagunan cakulan ne a jere, wasu sanannu kamar Mayordomo da La Soledad, wasu ɗan ɗaki guda, kowanne da injinan markaɗensa a bakin ƙofa. Mace za ta zo ta faɗi ma'auninta: kilo ɗaya na gasasshiyar ƙwayar koko, kilo biyu na sukari, kirfa kaza, almon kaza. A gabanta za a zuba ƙwayar da kirfar a inji, su fito a narke, da zafi, suna sheƙi. A cakuɗa da sukari, a sake bi da shi ta injin, a ƙulle mata ta tafi gida ta cura shi dunƙule-dunƙule ya daskare. Da shi za a karɓi baƙi ranar biki, da shi za a yi hidimar tunawa da mamata a farkon Nuwamba.

Baƙo kuwa kujera zai samu ya zauna. Za a tambaye shi: da ruwa ko da madara? 'Yan gari da yawa na ruwa suke zaɓa, don a wurinsu madara tana danne ɗanɗanon ƙwayar. Mai shago zai jefa dunƙulen cikin tulun ruwan zafi, ya sa maburgin katako mai zobba ya yi ta murzawa tsakanin tafukansa har kumfa ta taso, sannan ya juye a kwano, ya miƙo da burodin ƙwai na tsomawa. Kumfar nan ba ado ba ce. Tun zamanin Mayawa da Aztek, mutanen yankin na dā, ita ce darajar abin shan. Su daga wannan ƙwarya suke tsiyayo shi zuwa waccan daga sama, har ya yi kumfa. Nasu babu sukari, sai ruwa da barkono, wani lokaci da garin masara, kuma ƙwayar kanta kuɗi ce da ake cefane da ita a kasuwa. Masu binciken kufai sun gano alamar amfani da koko a ƙasar Ikwado da ta haura shekara 5,000. Sukari da kirfa sai bayan da Sifaniyawa suka ci daular Aztek a 1521.

Wanda ya saba da Milo ko Bournvita a teburin mai shayi zai ce ai ya san abin. Kurɓa ɗaya za ta nuna masa cewa danginsa ya sani, ba shi ba. Bambancin kuwa a mai yake.

Kusan rabin nauyin ƙwayar koko mai ne. Wannan man a daskare yake in yana ajiye, amma yana narkewa a zafin da bai kai na jikin mutum ba, wajen digiri 34, shi ya sa yake lulluɓe harshe ya riƙe ƙamshi a baki bayan an haɗiye. A 1828 gidan Van Houten a birnin Amsterdam na ƙasar Holan ya samu lasisin wani injin matsa da ke tatse mafi yawan man, a daka abin da ya rage ya zama gari. Duk wadda ta taɓa matsar man gyaɗa ta gane lissafin: ga mai gefe guda, ga tunkuza gefe guda. Garin koko na gwangwani tunkuzar ce, galibi man da ya saura a cikinsa kashi 10 zuwa 12 ne cikin ɗari. Man da aka tatsa shi ya fi tsada, shi ake kaiwa ga masu yin cakulan na ci da masu man shafawa. Da shi kamfanin Fry na Ingila ya yi sandar cakulan a 1847, daga nan duniya ta koma cin abin da a da sha ake yi. Shi Milo, wanda aka ƙirƙira a Ostareliya a 1934, haɗi ne na tsiron sha'ir da madarar gari da sukari da garin koko. Ba aibu ba ne, abinci ne mai sauƙin kuɗi da saurin narkewa. Amma ƙaramin shago da ke dafa cakulan na sha, ƙwayar yake ba ka ɗungurungum da manta.

Sai dai mai kaɗai ba ya yin daɗi, kuma rabin aikin an gama shi tun ƙwayar ba ta bar gona ba. Ɗan koko ɗaya yana ɗauke da ƙwaya 30 zuwa 40, lulluɓe da farin ɓargo mai zaƙi-zaƙi da tsami. Manomi a Ghana zai tara su a kan ganyen ayaba, ya rufe, ya bar su kwana biyar zuwa bakwai yana juyawa. Ɓargon ya tsima, tsibin ya ɗauki zafi, ƙwayar ta mutu, baurinta ya ragu, asalin ƙamshin ya fara ginuwa. Sannan a shanya a rana mako guda ko fiye. In aka gaggauta, cakulan ya fito da bauri. In ruwa ya taɓa shanyar, ya yi warin fumfuna, kuma babu gwanintar da za ta cire shi daga baya. Manyan kamfanoni suna haɗa ƙwayar wurare da yawa su gasa ta sosai don ɗanɗanon ya zama ɗaya kullum. Mai ƙaramin shago akasin haka yake nema. Buhu kaɗan yake saye daga yanki guda, ya tsince da hannu, ya gasa a hankali, ya ɓare, ya sheƙe ɓawon, ya zuba a dutsen niƙa mai lantarki ya yi ta juyawa kwana ɗaya zuwa uku. (Da yawa daga waɗannan injinan asalinsu na Indiya ne, na markaɗen shinkafa da wake.) Shi ya sa zai gaya maka wannan na Madagaska ne, yana da tsamin 'ya'yan itace, wancan na Ghana ne, ya fi nauyi da cika baki. Ba cika baki irin na ɗan kasuwa ba ne, harshe yana tabbatarwa.

Na Wahaka bai bi ta wannan dogon niƙa ba, don haka za ka ji ɓurɓushin sukari da kirfa a ƙasan kwano. A ganina wannan ba rashi ba ne, salo ne. Turawa sun bi nasu salon: a birnin Turin na Italiya akwai ɗan shago mai suna Al Bicerin tun 1763, inda ake jera gahawa da cakulan da kirim hawa-hawa a ƙaramin gilashi, ba a juyawa; a Madrid, San Ginés tun 1894 yake ba da mai kauri da ake tsoma soyayyen ƙullu a ciki.

Abin da ke tsaya wa mutum a rai shi ne fiye da rabin kokon duniya daga Kwaddibuwa da Ghana yake fitowa, ga na Najeriya a jihohin Ondo da Kuros Riba, ga na Kamaru. Tun bayan 1879 da wani mutumin Ghana, Tetteh Quarshie, ya kawo iri daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong, yankin yake ciyar da masana'antun Turai, alhali manoma da yawa ba su taɓa ɗanɗana abin da ake yi da gumin nasu ba. Ghana ta mayar da 14 ga Fabrairu ranar cakulan ta ƙasa, kuma a Accra ƙananan masu sana'a irin '57 Chocolate sun fara sarrafa ƙwayar a gida. A 2024 kuma, bayan cuta da rashin kyan damina sun rage amfani, farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000. Kofin ƙaramin shago dama ba mai arha ba ne, sai ya ƙara tsada.

In ka samu kanka a irin wannan shago, tambayi daga ina ƙwayar ta fito da kuma kashi nawa ne koko a ciki. 70 cikin ɗari na nufin sauran 30 kusan duk sukari ne, abin da mai ciwon suga ya kamata ya sani. Tambayi ko an ɗiga giya, don wasu shagunan Turai suna yi. Kada ka ƙara sukari kafin ka ɗanɗana, kuma ƙaramin kofi ya isa, abu ne mai nauyi a ciki. Yana da sinadarin kafeyin, amma bai kai na gahawa ba.

A gida ma ana iya yi. Sami baƙin cakulan na ci mai kashi 70, ka yayyanka giram 30 zuwa 40 don kofi ɗaya, ka narkar a ruwa ko madara a wuta kaɗan ba tare da ya tafasa ba, ka sa ɗan gishiri da kirfa ko citta, ka burga da maburgi har ya yi kumfa. A sha da zafinsa, don in ya huce man yana tasowa sama ya daskare.