Gwanjon Kayan Finafinan Zullumi: Me Ya Ɗaga Farashi, Me Ya Biyo Baya?

A watan Nuwamban 2013 kamfanin gwanjo na Bonhams ya sayar da wani gunkin shaho na dalma a birnin New York kan dala miliyan 4 da 'yan kai. Shi ne tsuntsun da ake kashe-kashe a kansa a fim ɗin The Maltese Falcon na 1941, wanda Humphrey Bogart ya fito a matsayin babban jaruminsa. A cikin labarin, da 'yan damfarar suka samu tsuntsun, sai suka kankare shi da wuƙa suna zaton akwai zinariya a ƙarƙashin baƙin fentin, amma suka tarar da dalma zalla. Abin da fim ya ce jabu ne, kasuwa ta mayar da shi dukiya. Ɗan'uwansa, shi ma na dalma, dala 398,500 aka saye shi a Christie's a 1994. Cikin shekara 19 farashin irin wannan kaya ya ninka sau goma.

Da can kamfanonin Hollywood ba su ɗauki waɗannan kaya a bakin komai ba. In an gama ɗaukar fim, a mayar da su rumbu, a sake musu fenti don wani fim, ko a watsar a bola. Juyin ya fara ne a 1970, lokacin da kamfanin MGM ya shiga matsin kuɗi, aka yi gwanjon tufafinsa da kayan aikinsa. Jaruma Debbie Reynolds ta sayi mai yawa da niyyar kafa gidan tarihi na dindindin, burin da bai cika ba, har ta sayar da tarin nata a 2011. Bayan gwanjon MGM ɗin aka samu dillalai da suka ƙware a wannan sana'a, irin su Profiles in History a Amurka da Propstore da Stephen Lane ya kafa a Ingila a 1998.

Dalilin farko na tashin farashi yana cikin yadda ake gina fim ɗin zullumi. Irin wannan fim yakan rataya ne a kan abu guda ƙarami: wuƙa, bindiga, mabuɗi, jaka ko wasiƙa. Kyamara tana matsowa kusa da shi, tana daɗewa a kansa, mai kallo yana riƙe da numfashi. Abin da ido ya kalla cikin fargaba ba ya saurin gogewa. Shi ya sa gatarin da Jack Nicholson ya sare ƙofar banɗaki da shi a The Shining na 1980 ya kai kusan fam 170,000 a gwanjon Propstore a Landan a 2019, alhali irinsa a shagon kayan gini kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Na biyu shi ne shekarun masu saye. Yaran da suka kalli waɗannan finafinai a sinima ko a kaset ɗin bidiyo yau su ne masu hannu da shuni, kuma abin da suke nema shi ne ɗan ɓurɓushin ƙuruciyarsu. Intanet ta ƙara wa wutar fetur: mutum yana zaune a Tokyo ko Dubai zai yi tayi a gwanjon da ake bugawa a Landan. Sannan finafinan yanzu da yawa da kwamfuta ake zana abubuwan da a da ake sassaƙawa da hannu, don haka kayan dauri ba ƙaruwa suke yi ba.

Na uku, wanda ya fi sauran tasiri, shi ne hujja. Ba kasafai ake yin kayan fim guda ɗaya ba. Akan yi na gaske mai kyawun gani don ɗaukar kusa, a yi na roba ko soso don wurin faɗa, a ajiye wasu ko da ɗaya zai lalace. Wanda kyamara ta gani a kusa shi ne mai tsada, kuma sai an tabbatar. Da fitowar faifan Blu-ray da hotuna masu tsananin kaifi, masana suna tsayar da fim a daƙiƙa guda, su faɗaɗa hoton, su bi zanen jijiyar itacen ƙotar gatari, ko ƙarzuwa a jikin bindiga, ko karkacewar ɗinki a wuyan riga, su gwada da abin da ke gabansu a kan tebur. Gunkin da Bonhams ya sayar yana da lambar rumbun Warner Bros. a jikinsa da lanƙwasa a gashin wutsiya, waɗanda aka kafa hujja da su. Gani ya kori ji, kuma da zarar an gani sai masu kuɗi su saki jiki.

Amfanin wannan yayi a bayyane yake: kayan da da sun ruɓe yanzu ana tattalinsu. Kifin shak na ƙarshe da aka zuba a kwamin fim ɗin Jaws ya shafe shekaru a rataye a wata makabartar motoci a Kalifoniya, kafin a gyara shi a kai shi gidan tarihin Academy da aka buɗe a Los Angeles a 2021. Kamfanonin fim ma sun farga, suna rubuta kayansu, suna ajiye na ajiyewa, suna sayar da saura da takardar shaida tasu.

Amma inda kuɗi ya taru, ɓarawo ba ya nisa. Motar Aston Martin DB5 ta fim ɗin Goldfinger an sace ta daga rumfar jiragen sama a Boca Raton ta jihar Florida a 1997. Bindigar zinare ta The Man with the Golden Gun, wadda aka ƙiyasta kan fam 80,000, ta yi ɓatan dabo a harabar ɗaukar fim ta Elstree a 2008. A Maris ɗin 2020 ɓarayi sun fasa wani gida a Enfield da ke arewacin Landan, suka kwashe bindigogi biyar na finafinan James Bond waɗanda aka riga aka kashe wa aiki. Ɓarawon irin wannan kaya ba zai iya kai shi gwanjo ba, don haka sau da yawa kayan kan nutse ne kawai, jama'a su yi asararsa.

Jabu kuwa ya fi sata wahalar kamawa, domin kayan fim tun asali kwaikwayo ne, kuma wanda ke da kwamin zai iya zuba sabo. Har yau ana jayayya kan ko wasu tsuntsayen filasta ne aka fi amfani da su a fim ɗin Bogart. Wani lokaci ma suna kaɗai ke jan kuɗi: bindigar iska da Sean Connery ya riƙe a hotunan tallar From Russia with Love ta kai fam 277,250 a Christie's a 2010, alhali ba ta fito a fim ɗin ba.

In aka auna, yayin ya ceci kaya daga bola, amma ya tura mafi kyawunsu gidajen attajirai inda gidajen tarihi ba sa iya gogayya. Kuma ƙimar tana tsaye ne a kan ƙafa biyu masu rauni: tunawar masu kallo da ƙarfin hujja. Finafinan da sababbin masu kallo ke ci gaba da nema, irin na daraktoci Hitchcock da Kubrick da jerin Bond, kayansu za su riƙe daraja. Na finafinan da masoyansu ke tsufa ba tare da magada ba, farashinsu zai sauka. Soso da roba kuma suna farfashewa da shekaru komai tattali. Wanda zai shiga wannan kasuwa, ya fara tambayar takardun da ke nuna hannuwan da kaya ya bi tun daga wurin ɗaukar fim, kafin ya tambayi farashi.